Manhajar Sata a Shagon Yaya

Shagonmu ɗaki biyu ne, na gaba da na ƙurya. A na gaba nake zama da keken ɗinki da teburin yanka, ni ke karɓar masu kawo aiki, ni ke shan mitarsu. Na ƙurya kuwa na Yaya ne, ita da injin surfani da tsohuwar kwamfutar da ke ba shi umarni. Yaya ke zana ado a kwamfutar, fure ko ganye ko bajon rigar makaranta, ta tura wa injin ta wani kebul mai kauri, shi kuma ya kama sukar yadi da allura har zanen ya fito. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba, ni ce ƙarama. Auta ake ce mini a gida, sunan ya biyo ni har shago.

Kwamfutar ta hannu ce, tun buɗe shago muka saye ta. Wanda ya sayar mana ya ce ya zuba mata komai da komai, mu kunna kawai mu kama aiki. Ba mu tambaye shi inda ya samo komai ɗin ba, don ba mu san ana tambaya ba. Ta yi mana shekaru tana aiki, ba ta taɓa ba mu kunya ba, sai dai nauyin tashi da safe, wanda Yaya ke cewa a wajena ta koya.

Wata safiya na shiga ƙurya neman almakashi, sai na ga hoton lambun da ke bayan allon ya ɓace, allon ya koma baƙi ƙirin. Can ƙasa a lungun dama ga wani ɗan rubutu fari. Na tambayi Yaya me ya faru, ta ce ita ma haka ta tarar, kuma tunda aiki na tafiya ba ruwanta da kwalliyar allo. Na bar maganar.

Ba a jima ba kwamfutar ta fara kashe kanta. Ana tsakiyar aiki sai ta ɗauke, injin ya tsaya cak da allura a cikin yadi. Rigar wata yarinya ce ta fara lalacewa, fure ya tsaya rabi, da aka sake kunnawa kuma injin ya ɗora ɗinkin a karkace. Na wuni ina warware zare da tsinin almakashi, ina ba uwar yarinyar haƙuri ta waya. Ga kuma aikin bajon wata makaranta da muka karɓa, yadi jibge a kan benci yana jira.

Da na kai labarin gida, maigidana ya ce abin ba wuya. Yana da aboki da ke rufe wa irin waɗannan kwamfutocin baki, ya saka musu wani abu su daina ƙorafi. Na faɗa wa Yaya. Ta ce ita ba a rufe wa mara lafiya baki a gabanta, a fara jin abin da ke damunsa tukuna. Ta ce in hau bene in kira mata Injiniya.

Injiniya mace ce mai shagon gyaran kwamfuta a saman benen da ke kallonmu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kullum da ƙaramin sukundireba a aljihun rigar aikinta. Mu muka yi mata surfanin sunan shagonta a rigunan aikin, tun daga nan take kiran Yaya da Yaya kamar yadda nake kira. Ta sauko da rana, ta sunkuya ta karanta ɗan rubutun nan, ta danna nan ta danna can, sannan ta jawo kujera ta zauna.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce akwai babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, duk sauran a kanta suke zaune, kamar yadda yadi da alli da almakashi ke zaune a kan teburina. Masu ita sayar da ita suke yi da lasisi. Tamu kuwa kwafi ce da wani ya fasa wa makulli ya zuba mana. Yanzu makullin bogin ya daina aiki, shi ya sa take baƙanta allo tana kashe kanta. Ta ƙara da cewa ko an sake rufe mata baki, ba ta samun gyare-gyaren tsaro da ake turo wa ta asali, kuma ba wanda ya san abin da mai fasa makullin ya cusa a ciki.

Yaya ta murza zobenta. Can ta ce, "Wato duk shekarun nan da kayan sata nake neman abinci?"

"Ba ki sani ba, Yaya," in ji Injiniya. "Rabin kwamfutocin da ake kawo mini haka suke."

"To yanzu na sani."

Nan take ta ce a sayo ta asali. Amma ta kafa sharaɗi, ta kuma maimaita shi har Injiniya ta fara murmushi: ko ganye ɗaya kada ya ɓace daga cikin zanenta. Ta ce abin da ke cikin akwatin nan ba za ta iya sake zana shi ba. Ni na ɗauka yawansu take nufi, don aikin shekaru ne.

Washegari Injiniya ta zo da nata kayan: kwamfutarta ta ɗauka, da filash mai ɗauke da sabuwar manhajar, da wani faifan ajiya da bai fi sabulun wanka girma ba. Ta ce ba za ta taɓa komai ba sai ta kwashe komai. Kafin ta fara ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton allon, ta ce al'adarta ce, don ta tuna manhajojin da za ta mayar. Allon kuwa cike yake maƙil da ƙananan alamomin fayil, a warwatse ko'ina kamar an zubar da maɓallai a ƙasa. Ta tambayi Yaya yadda take gane hanya a cikin wannan kasuwa. Yaya ta ce mai ɗaki ba ya ɓata a ɗakinsa.

Da kwafin ya fara tafiya, sunayen zanen suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, Injiniya tana karantawa a fili. Akwai "furen mai surutu". Akwai "furen mai surutu na gaske". Akwai "ganyen da Auta ta raina", da "wannan ne na ƙarshe", da "wannan ne na ƙarshe wallahi". Injiniya da ba a cika jin dariyarta ba sai da ta kife kai a kan tebur. Na ce wa Yaya ashe har a kwamfuta take gulmata. Ta ce ai gulma a rubuce ta fi daɗewa. Duk wannan raha hannun Yaya na kan akwatin kwamfutar, kamar uwa mai tattaɓa goshin yaro mai zazzaɓi, don tsoron kada ta ɗauke a tsakiyar kwafi. Ta ɗauke ɗin kuwa sau ɗaya. Injiniya ba ta ko ɗaga gira ba, ta sake kunnawa ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Bayan fayilolin, sai ta sake kwashe faifan cikin kwamfutar ɗungurungum, da mai amfani da marar amfani, ta ce ko da wani abu ya ɓuya a lungun da ba mu duba ba. Sannan ta ce kwafin da ba a gwada ba ba kwafi ba ne a wajenta. Ta buɗe zanen a tata kwamfutar, ta sa ni na riƙa zaɓo su daga sama da tsakiya da ƙasa, kowanne ya buɗe lafiya. Yaya ba ta gamsu ba sai da aka ɗauko fure ɗaya daga cikin kwafin aka ba injin, ya ɗinka shi a ƙyalle. Ta shafa ƙyallen da yatsa gaba da baya, ta ce to.

Injiniya ta so ta sauƙaƙa mana. Ta ce wani lokaci lambar lasisin kawai ake shigarwa, manhajar ta koma halal ba tare da an goge komai ba. Ta kwafe lambar daga takardar da ta zo da ita, ta shigar, muka jira. Kwamfutar ta ƙi karɓa. Ta sake dubawa harafi bayan harafi, ta sake shigarwa, ta sake ƙi. Ta ce wanda ya fasa makullin ya yi ɓarna a ciki sosai, ba abin da ya rage sai a share faifan tas a zuba sabuwa daga tushe.

Ta sa filash, ta bi matakan har ta iso inda kwamfutar ke tambaya ko an tabbata a goge. Ta ɗage hannu daga linzamin kwamfutar ta juyo.

"Yaya, in danna?"

Yaya ta kalli faifan ajiyar da ke kan tebur, ta ce a ba ta shi. Ta naɗe shi a ƙyallen furen nan, ta sa a aljihu.

"Danna, 'yar nan," ta ce, ta fice zuwa ɗakin gaba.

Can na same ta ta jona dutsen guga tana goge rigunan da na riga na goge. Na haɗa mana shayi, na kai wa Injiniya nata, na dawo muka zauna muna kallon titi, masu wucewa suna wucewa. Yaya ta ba ni labarin ranar da aka kawo injin surfanin, yadda ya ƙi shiga ƙofar ƙurya sai da aka cire ƙyaure, labarin da ina wurin aka yi shi. Na bar ta ta ba ni.

Kafin la'asar allon ya dawo da haske, shuɗi mai tsabta, lungun dama babu rubutu. Lambar lasisin ta shiga a karon farko. Manhajar zanen surfani kuwa, Allah ya taimaka, ta asali ce, tare da injin ta zo, faifanta na cikin aljihun tebur ƙarƙashin gwangwanin maɓallai. Injin ne ya ɗan yi gardama, ya ƙi gane sabuwar kwamfutar, sai da Injiniya ta sauko masa da wata ƙaramar manhaja daga shafin masu ƙera shi. Ta karɓi faifan ajiya daga aljihun Yaya ta mayar da zanen duka, ta gwada yawansu da na kwafin, suka yi daidai. Ta tura wa injin bajon makaranta, ya ɗinka shi tsaf ba tsayawa. Muka yi mata godiya, Yaya ta sa mata albarka har bakin ƙofa.

Da safe na zo da ƙarfina, ina jiran in ji ƙarar injin daga ƙurya. Na yanka hannun riga, na haɗa, na yi ɗinkin wuya, shiru. Na leƙa.

Yaya na zaune gaban allon, ta matso da fuska kusa da shi har numfashinta na taɓa gilas. Tana jan linzami zuwa lungun dama ta danna, ba abin da ya buɗe. Ta ja zuwa tsakiya ta danna, babu. Ba ta ji shigowata ba sai da na dafa kujerar.

"Ba sa nan, Auta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sun tafi."

Na duba. Duk suna nan. Sabuwar manhajar ce ta jera su layi-layi daga gefen hagu, bisa tsarin haruffa, tsaf kamar 'yan makaranta a filin taro. Na yi dariya na ce ga su nan, gyara musu zama kawai aka yi. Na nuna mata da yatsa na ce ga bajon makarantar nan, ta karanta ta gani.

Ba ta karanta ba. Ta kalli inda yatsana yake, ta daɗe tana kallo, sannan ta jingina da kujera ta naɗe hannu a cinya.

Sai a lokacin ta faɗa mini. Ta ce ta daɗe rabon da ta iya karanta rubutun allon. Abin ya fara kamar hayaƙi a ido ɗaya, ya bi ɗayan. Da wurin zamansa a allo take gane kowane zane: bajon makaranta a ƙasa ta dama, furannin amare a sama ta tsakiya, ganyaye a gefen hagu, kowanne ta san mazauninsa kamar yadda ta san inda cokali yake a kicin ɗinta. Ɗan rubutun nan fari da ya tayar mini da hankali ma ba ta taɓa ganinsa ba, baƙin allon kawai ta lura da shi. Sabon zane kuwa ta daina yi tun bara, tsofaffin take juyawa, ta ƙara girman wannan, ta haɗa wancan da wancan.

Na zauna a kan bencin yadi. Abubuwa suka riƙa dawo mini: yadda take kirana in zura mata zare a allura wai yatsunta na ciwo, yadda take faɗa in wani ya canza wa ƙullin zare wuri a kan kanta, yadda ta daina tsallaka titi ita kaɗai sai ta ce in raka ta mu yi hira. Kullum muna tare, bango ɗaya ne tsakaninmu.

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce ta san ni, bakina ba ya riƙe magana, zan gaya wa 'ya'yanta, su kuma su zaunar da ita a gida gaban talabijin su ce ta huta. Ta ce ita ba ta gaji ba. Ta ce ƙarar injin nan ce ke sa ta san gari ya waye.

Ban yi mata alkawarin yin shiru ba, ita ma ba ta nema ba. Na hau bene na kira Injiniya.

A kan matakala na faɗa mata abin da ke nan. Ta tsaya riƙe da ƙarfen bene, ta ce ita fayiloli ta ƙirga, ba ta kawo a ranta cewa wurin zamansu ma abin ajiyewa ba ne. Da muka shiga ba ta yi wa Yaya jaje ba, ba ta kuma yi mata tambaya ba. Ta ciro wayarta ta nemo hoton allon da ta ɗauka jiya, ta jingina ta da gwangwanin maɓallai, ta kashe abin da ke jera fayiloli da kansa. Ta ce in riƙe linzami, ita za ta duba hoto, Yaya kuma ta faɗi inda kowa yake zaune.

Haka muka yi har rana ta take. Yaya ta rufe ido tana faɗa, Injiniya na dubawa a hoto tana cewa haka ne, ni ina ja ina ajiyewa. Inda hasken taga ya ɓata hoton, muka bi ta bakin Yaya. Inda Yaya ta yi kokwanto, muka bi hoto. Sau biyu suka yi gardama a kan wani reshen zaitun, ƙarshe aka gano reshen biyu ne masu suna kusan ɗaya. Kasuwar ta dawo yadda take, kowa a rumfarsa.

Sannan Injiniya ta shiga wani sashe na sabuwar manhajar ta ƙara wa rubutu girma, ta mai da kibiyar linzami ƙatuwa mai launin rawaya, ta nuna wa Yaya maɓallin da ke kumbura duk inda kibiyar ta tsaya. Yaya ta matso, ta ƙanƙance ido, a hankali ta karanta, "Ganyen da Auta ta raina." Ta ce har yanzu yana da kyau, ni ce ban san abu mai kyau ba.

Da za ta tafi, Injiniya ta ce mahaifinta ma haka ya yi fama, yanar ido ce ta rufe masa gani, aka cire masa a asibiti, yanzu shi ke karanta mata ƙananan rubutun jikin batir. Yaya ta ce ita ba ta son a taɓa mata ido. Injiniya ta ce ai jiya ma ba ta so a taɓa kwamfutar ba. Yaya ta ce ta fita mata daga shago, tana dariya.

A ranar injin ya yi ta ƙara har yamma, bajon makaranta na fitowa ɗaya bayan ɗaya, ina yanke zaren baya ina tarawa. Da muka rufe shago na kira babbar 'yar Yaya a gaban idonta na faɗa mata komai. Yaya ta yi fushi da ni, fushin da ya kai ta ƙi shan shayina na wasu kwanaki. Amma ta je asibitin. Likita ya ce yanar ido ce, a ido biyun, kuma ana cirewa, ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin da take jinya ni na koma ƙurya. Ban iya zane ba, amma na iya buɗe nata in tura wa injin, in na rikice in kira ta a waya ta ce mini sama ta tsakiya, na uku daga taga. Injiniya ta koya mini yadda zan riƙa kwashe sabon aiki zuwa faifan ajiya duk ƙarshen mako, ta ce kada in ajiye shi a ɗaki ɗaya da kwamfutar. A jakata yake kwana. 'Ya'yan Yaya sun so ta zauna a gida ɗin kuwa, kamar yadda ta faɗa. Ta saurare su har suka gama, sannan ta tambayi wanda zai kai ta shago ranar da aka cire bandeji.

Ɗanta ne ya kawo ta, sanye da baƙin tabarau irin na masu jinyar ido. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cire shi a hankali. Ta kalli bango ta ce yana son fenti. Ta kalli labulen ƙurya ta ce ashe kore ne. Sannan ta juyo ta kalle ni, ta daɗe tana kallo, har na fara gyara ɗankwalina.

"Auta," ta ce, "yaushe kika tsufa haka ba ki gaya mini ba?"

Na ce ai ina jira ne ta warke ta gani da idonta. Ta wuce ƙurya tana girgiza kai, ta ja kujerarta, ta ce in kawo mata rigunan da na yi a bayanta ta duba ɗinkin.